Yadda Ake Hasashen Murɗe da Zaren Furotin Daga Jerin Amino Asid, Mataki-Mataki

Kusan duk ƙarshen zangon karatu sai ɗalibai sun zo mini da tambaya iri ɗaya. An ba su jerin haruffa, kowane harafi na wakiltar amino asid ɗaya, wato tubalan da ke haɗuwa su yi furotin, an ce su gano inda furotin ya murɗe da inda ya miƙe, su kuwa ba su san ta inda za su kama ba. Wasu ma sun riga sun liƙa jerin a shafin farko da Google ya nuna musu, sun ɗauko hoto mai launi-launi sun saka a aikinsu. Hoton ya yi kyau, amma da ka tambaye su wane ɓangare na hoton suka yarda da shi, sai a yi tsit. To, ga yadda nake yin aikin, daki-daki.

Abin da ake nema shi ne a ba kowane amino asid harafi ɗaya cikin uku. H na nufin yana cikin murɗe, wato alfa-heliks. E na nufin yana cikin miƙaƙƙen zare, irin wanda ke jeruwa gefen 'yan'uwansa su yi shimfiɗar beta. C kuwa shi ne duk abin da ya rage, lanƙwasa da sako-sako. Daga nan zan riƙa cewa murɗe, zare da sako-sako kawai.

Kayan aiki da kuɗi

Kwamfuta ko wace iri, intanet, da manhajar rubutu marar ado irin Notepad. Shafukan da zan ambata duk kyauta ne ga ɗalibi da mai bincike, aikin ma a kan na'urorinsu ake yinsa, kai dai turawa ce taka. Kuɗin da za ka kashe na data ne, shi ma kaɗan. Sai fa idan ka ce za ka girka manhajar a kwamfutarka, a nan sai ka sauke rumbun jeri irin UniRef90 mai cin gigabait masu yawa, kuma wanda ke da furotin ɗaya ko goma ba ya bukatar wannan wahala. Mai yi wa kamfani aiki ya karanta sharuɗɗa tukuna, don wasu manhajojin sai da lasisi. Haka kuma jerin da ba a wallafa ba, wanda ake riƙe da shi a asirce, kada ka tura shi shafin kowa sai da izinin shugaban binciken.

Mataki na 1: Samo jerin daga tushe

Je UniProt, rumbun jerin furotin a intanet, rubuta sunan furotin da sunan halittar da ya fito daga jikinta. Zaɓi wanda aka yi wa alamar an tantance shi, wato na ɓangaren Swiss-Prot, sa'annan ka sauke shi a tsarin FASTA. Tsarin ba shi da wuya: layin farko yana farawa da alamar >, suna ya biyo baya, sauran layukan kuma haruffan jerin ne zalla. Zan yi misali da yubikwitin na ɗan Adam, mai amino asid 76:

>yubikwitin
MQIFVKTLTGKTITLEVEPSDTIENVKAKIQDKEGIPPDQQRLIFAGKQLEDGRTLSDYNIQKESTLHLVLRLRGG

Rubuta lambar shaidar furotin ɗin a wani wuri, za ka sake bukatarta har sau uku.

Gargaɗi: ƙirga haruffan ka gwada da tsawon da ka sani. Idan ka nemi yubikwitin a UniProt za ka ci karo da P0CG48, mai haruffa 685. Ba kuskure ba ne, jiki ne ke ƙera shi sau tara a jere sa'annan a yayyanka. Wanda bai lura ba sai ya tura duka, ya zauna yana mamakin yadda sakamakon ke ta maimaita kansa.

Mataki na 2: Tsabtace shi

Idan jerin daga takarda ko fayil ɗin Word ka kwafo shi, to akwai datti a ciki ko ba ka gani ba. Cire lambobi, tazara, alamar tauraro da ake sawa a ƙarshe, da ɗan layin da ke nuna giɓi. Haruffa 20 ne na amino asid na yau da kullum. Idan ka ga X, B ko Z, ka san ba a tantance gurbin ba, kuma wasu shafukan za su ƙi karɓa.

Idan ka ga jerinka A, C, G da T ne kaɗai, DNA ke hannunka. Abin haushin shi ne haruffan nan huɗu duk sunayen amino asid ne, don haka wata manhajar za ta karɓa ba tare da ta ce uffan ba, ta ba ka amsar banza. Kai shi Expasy Translate tukuna. Zai ba ka karatu shida, ka ɗauki mai dogon jeri da ya fara da M bai tsinke a tsakiya ba.

Mataki na 3: Duba ko an riga an ga siffarsa

Wannan matakin shi aka fi tsallakewa, alhali shi ke rage rabin aiki. Rumbun PDB, wanda aka kafa tun 1971, yana ɗauke da siffofi sama da 200,000 da aka gano a ɗakin gwaji. Liƙa jerinka a wurin binciken jeri na shafin RCSB mai riƙe da PDB, ko ka yi BLAST, wato binciken jeri masu kama da naka, ka zaɓi PDB a matsayin rumbun da za a bincika. Yubikwitin ɗinmu yana nan da lamba 1UBQ. Idan naka ma yana nan, gani ya kori ji: ka ɗauki abin da aka auna, hasashe ya zama na gwaji kawai.

Idan ba shi ne ka samu ba sai ɗan'uwansa, duba abu biyu: kashi nawa na haruffan suka yi daidai, kuma tsawon nawa daidaiton ya rufe. Sama da kashi 30 cikin 100 a kan haruffa ɗari ko fiye, galibi siffarsu ɗaya ce. Ƙasa da haka an shiga duhu.

Gargaɗi: kashi 60 a kan haruffa 15 ba komai ba ne. Tun 1984 Kabsch da Sander suka nuna cewa haruffa biyar iri ɗaya sak suna iya zama murɗe a wannan furotin, su zama zare a wancan. A gajeren jeri, kama da wane ba ta wane.

Mataki na 4: Yanke abin da zai ruɗa manhajar

Manhajojin hasashe an horar da su ne galibi da furotin masu dunƙulewa a cikin ruwa. Duk ɓangaren da ba haka yake ba, amsarsa abin tuhuma ce. Abu huɗu ake dubawa.

Na farko, guntun ja-gaba da ke farkon jerin, wanda ke kai furotin inda za shi sa'annan a datse shi. Insulin na ɗan Adam, P01308, haruffa 110 ne a UniProt, amma 24 na farko ja-gaba ne, babu su a insulin ɗin da ke yawo a jini. SignalP zai nuna maka inda ake datsewa.

Na biyu, ɓangaren da ke ratsa tantanin ƙwayar halitta. Alamarsa haruffa wajen 20 a jere masu gudun ruwa, L da I da V da F da A birjik. DeepTMHMM ne maganinsa. Na sha ganin tsofaffin manhajoji sun kira irin wannan wuri zare saboda yawan V da I, alhali murɗe ne tsaye a cikin tantani.

Na uku, ɓangaren da ba shi da tsayayyiyar siffa ko kaɗan. IUPred ko DISOPRED za su nuna shi. Na huɗu, idan furotin ɗin dogo ne, duba InterPro ka ga sassansa, ka tura kowane sashe shi kaɗai. JPred ma ba ya karɓar abin da ya wuce haruffa 800. Ko da shafi ya karɓi dogon jeri, rarrabawa ta fi, domin sashen da ke da dangi (furotin masu kama da shi a sauran halittu) dubbai yakan danne wanda ke da 'yan kaɗan.

Gargaɗi: da ka yanke, lambobin gurbi sun canja. Idan ka cire 24 daga farko, gurbi na 1 a sakamakonka shi ne na 25 a UniProt. Rubuta wannan a sunan fayil ɗin tun yanzu, don gobe ba za ka tuna ba.

Mataki na 5: Tura wa manhajoji biyu ko uku

Ni da waɗannan nake aiki. PSIPRED, na David Jones a jami'ar UCL da ke Landan, wanda ya fito a 1999 kuma ake ta sabunta shi. JPred4 na jami'ar Dundee. Sai NetSurfP na jami'ar DTU a Denmak, wanda ke ƙara maka da bayanin ko gurbi yana waje ko a binne. A kowanne, liƙa jerin, sa wa aikin suna, ba da imel idan an nema, ka danna turawa. Yawanci mintuna kaɗan ne, amma idan layi ya yi tsawo sai a ɗauki awa. JPred yakan fara leƙa PDB, idan ya ga ɗan'uwan jerinka sai ya tsaya ya nuna maka kafin ya ci gaba. Ba lalacewa ya yi ba.

Me ke cin lokacin? PSIPRED da JPred ba jerinka kaɗai suke kallo ba. Sukan fara tattaro danginsa daga sauran halittu, su jera su sahu-sahu, su ga wane gurbi ne ba ya canjawa, wanne ne ke karɓar kowane harafi. Daga wannan sahun ne yawancin ingancin ke fitowa. Saboda haka idan shafin ya ba ka damar ganin sahun, buɗe shi ka ƙirga. Ɗaruruwa ko dubbai, madalla. Biyar ko goma, ka rage yarda da duk abin da zai biyo baya. Ga furotin maraya, wanda ba a san masa dangi ba, akwai S4PRED da aka gina don jeri guda, ko NetSurfP na 3.0 wanda ba ya jiran a tattaro dangi.

Gargaɗi: har yau za ka tarar da shafukan Chou-Fasman na 1974 da GOR na 1978, kuma su ne suka fi saurin ba da amsa, nan take. Saurin nasu na rashin neman dangi ne. Chou-Fasman tsakanin kashi 50 da 60 yake cankar daidai, na zamani kuwa tsakanin 80 da 85. Idan malami ya ce ka yi amfani da su don kwatance, yi. Amma kada ka haɗa tsofaffi uku da sabo ɗaya ka ce za ka bi rinjaye, tsofaffin za su kayar da mai gaskiya.

Mataki na 6: Karanta layin tabbaci kafin hoto

A nan ne aikin yake. Bar hoton nan mai launi tukuna, sauke fayil ɗin rubutu. A PSIPRED za ka ga layuka uku a jere: Conf, Pred da AA. Na ƙasa jerinka ne, na tsakiya hasashen, na sama kuma makin tabbaci daga 0 zuwa 9. Ga fasalinsa da gurbi na 19 zuwa 38 na yubikwitin. Lambobin ni na sa su don nuni, naka za su bambanta:

Conf: 99863899999999842989
Pred: CCCCHHHHHHHHHHHHCCCC
AA:   PSDTIENVKAKIQDKEGIPP

Kalli inda lambobin suka faɗi. Tsakiyar murɗen 9 ce reras, amma bakinsa na farko da na ƙarshe sun sauko 3, 4, 2. Haka abin yake kusan kullum: manhajar ta san akwai murɗe a nan, inda ya fara da inda ya ƙare ne take lalube. Don haka kada ka rubuta cewa murɗe ya fara a gurbi na 23 daram. Ka ce wajen 23, ka bar wa kanka gurbi ɗaya ko biyu kowane gefe. Ko manhajojin da ke karanta siffar da aka auna a ɗakin gwaji, DSSP da STRIDE, sukan saɓa wa juna a bakin murɗe, balle mai hasashe.

Abin da nake yi shi ne in buɗe Notepad in jera amsoshin manhajojin a ƙarƙashin juna, harafi kan harafi. Sai da rubutu mai faɗin harafi ɗaya irin Courier, in ba haka ba layukan za su goce. Sa'annan in raba gida uku. Inda duk suka yarda kuma maki ya kai 7, na karɓa. Inda suka yarda amma makin tsaka-tsaki ne, na rubuta shi da "mai yiwuwa". Inda ɗaya ta ce H ɗaya ta ce E, na sa alamar tambaya, ba na zaɓar wanda ya fi yi mini daɗi. Saɓani tsakanin H da C a baki ba abin damuwa ba ne. Saɓani tsakanin H da E shi ne babba, kuma ruwa ba ya tsami banza: sau da yawa wurin ko dangi sun yi ƙaranci, ko yana cikin tantani, ko kuwa ba shi da tsayayyiyar siffa.

Share ƙananan tarkace. Murɗe yana cin amino asid 3.6 kafin ya zagayo sau ɗaya, kuma kowane gurbi yana riƙe da na huɗu a gabansa. H biyu ko uku su kaɗai a tsakiyar C ba su isa zagaye ɗaya ba ma. E guda ɗaya tilo shi ma haka.

Ka kuma sani zare ya fi murɗe wuyar canka. Murɗe da maƙwabtansa na kusa yake riƙe, duk suna cikin abin da manhajar ke gani. Zare kuwa abokin riƙonsa yana iya kasancewa haruffa sittin a gaba. A yubikwitin, zaren farko na wajen gurbi 2 zuwa 7 yana kwance ne gefen zaren ƙarshe na wajen 66 zuwa 71. Gajerun zare da waɗanda ke bakin shimfiɗa su aka fi ɓatarwa, kamar ɗan guntun nan na 48 da 49. Idan hasashenka bai nuna zare a wani wuri ba, wannan bai tabbatar da babu shi ba.

Gargaɗi: kada ka yi amfani da wannan hanya don gano illar canjin harafi ɗaya. Wata ɗaliba ta taɓa kawo mini sakamako biyu, na sarƙar beta ta himogulobin mai lafiya da ta mai sikila, tana cewa manhajar ta lalace don amsar iri ɗaya ce. Ba ta lalace ba. Harafi ɗaya a cikin sahun dangi dubbai ba ya motsa komai, kuma a gaskiya ma murɗen na nan yadda yake. Matsalar sikila ita ce V mai gudun ruwa da ya maye gurbin E a bayan furotin, ya sa ƙwayoyin himogulobin ɗin suna manne wa juna. Ta kuma yi ta neman E a gurbi na 6 ba ta gani ba, saboda P68871 yana ƙirgawa da M na farko, sai ya koma na 7.

Mataki na 7: Gwada da idonka

Minti biyar ne, kuma yana kama kurakurai. Masu gudun ruwa su ne L, I, V, F, M, W. A murɗen da gefensa ɗaya ke binne, sukan zo bayan kowane gurbi uku ko huɗu. Duba IENVKAKIQDKE: I a 23, V a 26, I a 30, duk fuska ɗaya suke kallo, su K da E da Q suna waje wajen ruwa. A zare kuwa tsallake ɗaya ake yi. Duba TLHLVL: L a 67, L a 69, L a 71. P da G sukan karya murɗe, ga shi nan murɗen yubikwitin ya ƙare daidai kan G na 35, P biyu suka biyo baya a 37 da 38. Idan manhaja ta ba ka dogon murɗe da P zaune a tsakiyarsa, koma ka dubi makin wurin.

Mataki na 8: Kwatanta da AlphaFold

Wani zai ce tunda akwai AlphaFold, manhajar da ke hasashen cikakkiyar siffar furotin, me ya sa duk wannan? Ni ma ina amfani da shi, kuma ga furotin mai dangi da yawa yakan fi su PSIPRED. Sa lambar UniProt a rumbun AlphaFold, wanda ke da siffofi sama da miliyan 200, ka sauke fayil ɗin. Idan babu naka, ColabFold zai ƙera maka a kan Google Colab. Buɗe fayil ɗin a ChimeraX, manhajar kallon siffar furotin, ka ba da umarnin dssp, ko ka bi da shi ta manhajar mkdssp don ka samu haruffan a rubuce.

DSSP haruffa takwas yake bayarwa, sai ka mayar da su uku. Abin da aka fi yi: H, G da I su zama H, E da B su zama E, saura C. Wasu sukan tura G da B cikin C, kuma wannan kaɗai yana sauya maki, don haka faɗi wanda ka bi.

Gargaɗi: shi ma AlphaFold hasashe ne, yana da nasa makin, pLDDT. Sama da 90 ka yarda, 70 zuwa 90 da dama-dama, ƙasa da 50 kada ka karanta siffa a wurin ko da ka ga murɗe ya fito tsaf. Umarnin dss na manhajar PyMOL kuma ba DSSP ba ne, bakin murɗensu yakan bambanta.

Mataki na 9: Auna, ka rubuta

Idan akwai siffar da aka auna, lissafa Q3: gurbin da aka canka daidai, a raba da jimillar gurbi, a ninka da 100. A ce 62 cikin 76 sun dace, ka samu kashi 81.6. Amma kada makin yubikwitin ya ruɗe ka, manhajojin sun san shi da danginsa tun wajen horo, tamkar ɗalibin da ya ga tambayoyi kafin jarrabawa. Kuma Q3 shi kaɗai yana da ha'inci, don wanda ya rubuta C daga farko har ƙarshe zai iya tashi da wajen kashi 40. Ba da makin H, E da C daban-daban, ko ka ƙara da SOV, mai duba ko an kama ɓangaren gaba ɗayansa.

A rahoton ka sa lambar UniProt, gurbin da ka yanke, sunan kowace manhaja da sigarta, ranar da ka tura, yawan dangin da aka samu, da tsarin da ka bi wajen mayar da takwas uku. Sauke fayilolin rubutun a ranar, don shafukan sukan goge sakamako bayan ɗan lokaci. Idan ɗakin gwajinku na da na'urar CD (circular dichroism, mai auna siffar furotin da haske) kuma kuna da furotin ɗin a hannu, awo ɗaya zai nuna ko jimillar ta yi daidai: layin awon mai yawan murɗe yana nutsewa sau biyu, a nanomita 208 da 222, mai yawan zare kuwa sau ɗaya, wajen 218.